Abin da Kaka Almas Ya Rera a Naɗi na Bakwai

Pune, 11 ga Yuli, 1994

Kaka Almas,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Kaki Jubeda. Yaya gwiwar nan taka? Abba ya ce har yanzu kana hawa keke zuwa kasuwar Talala kana cewa likita bai san komai ba. Allah ya shirye ka, Kaka. Kai ƙanen kakana ne, amma tun rasuwarsa kai kaɗai ne kakan da ya rage mini, don haka ka lallaɓa mini kanka. Ni lafiyata lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, kayana kwana uku a igiya ba su bushe ba.

Ka san ban da karatu na samu ɗan aiki a ma'ajiyar tsofaffin finafinai. Aikina in buɗe gwangwanaye, in shinshina, in rubuta mai rai da wanda ya fara ruɓewa. Fim idan ya fara mutuwa warin tsami yake yi. Makon jiya na buɗe gwangwanaye tara masu warin nan, an rubuta musu "Wa Ya Rufe Rijiya?", 1966. Irin finafinan kisan nan ne: tsohon gidan attajiri a kan tudu, dangi sun taru jin wasiyya, ana ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora a teburin dubawa ina kallo ina hamma. Sai ga mutum ya fito daga bayan ƙofa da fitila a hannu, ba riga, an rataya masa ƙasusuwa a wuya. Kaka, sai da na miƙe tsaye. Kunnuwan nan naka ko a tsakiyar kasuwa na gan su na san mai su.

Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini? Na san ka yi shekara huɗu a Bombai, amma Abba cewa yake yi dako ka yi a tashar jiragen ruwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ba su ba ka magana ko ɗaya ba sai gurnani. Na duba jerin sunaye a farkon fim, har karen gidan an rubuta sunansa, kai babu. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Na kalli irin waɗannan finafinai sun fi talatin, duk tsari ɗaya. Mai gadi ɗan Nepal shi ke fara mutuwa. Yarinya Kirista mai guntun siket ta bi shi. Tsoho ɗan ƙabilar Farsi an kawo shi ne don a yi dariya. Mu kuwa Siddi, masu baƙar fata da murɗaɗɗen gashi, an ajiye mu don a tsorata mutane. A kan wannan zan rubuta takardar gama karatuna. Don Allah ka rubuto mini duk yadda suka wulaƙanta ka, kar ka rage komai.

A ƙarshen Satumba kwamiti zai zaɓi finafinai goma sha biyu da za a kai Bombai a sake musu sabon kwafi. Ni ke rubuta jerin farko. Wannan dai ba zai shiga ba, ko da yake an ce shi kaɗai ne kwafin da ya rage tun da rumbun kamfanin ya ƙone.

Jikarka,
Mehrun

Talala, 24 ga Yuli

Beti Mehrun, 'yata,

Wa alaikis salam. Takardarki ta zo ranar Talata. Jubeda ta karanta mini rabi, na ƙwace na ƙarasa da kaina, don tsayawa take yi tana dariya. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, za mu ga wanda zai fara gajiya. Damina ta yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa. Zakanya ta ɗauke wa maƙwabcinmu Karsan maraƙi a bakin rafi, kwana biyar ke nan ba shi da wata hira. Sai kuma Rozina, matar yayanki Yakut, tana da ciki, ana sa rai a Disamba. Allah ya sauke ta lafiya.

To, kunnuwa sun tona mini asiri. Ubanki bai yi ƙarya ba, dakon ma na yi.

Kin ce in rubuto wulaƙanci. Kin sa ni aiki, beti, don na zauna ina lalubensa amma abin da ke fara zuwa mini abincin rana ne. Bari dai ki ji yadda ake yi. Da sassafe muke taruwa a ƙofar situdiyo, mun fi ɗari. Mai ɗibar mutane ya fito da sanda yana nuni: kai, kai, ke. Kashi biyu yake yi mana, masu kama da mutanen kirki da sauranmu. Masu hasken fata a ba su kwat su riƙe kofi a wurin biki. Mu sai in ana neman ɗan daba, ko aljani, ko mai yi wa sarki fifita. Ran nan ya nuna ni ya ce darakta yana neman abin tsoro. Darakta ya leƙa ni ta kyamara ya ce ban yi baƙi sosai ba. Ni fa! Aka kawo baƙin tukunya da man gyaɗa aka mulke ni. Na ce wa mai mulkawar, a hankali malam, wannan fenti a kan fenti kake yi.

Mai gadin da kika ce ya fara mutuwa, Til Bahadur ne, aminina. Tela ne daga Darjeeling, bai taɓa gadin ko akurkin kaji ba. Faɗuwa iri uku gare shi, yakan tambayi darakta, "Sahib, wacce kake so yau, ta gaba, ta baya, ko mai riƙe labule?" Mai guntun siket kuwa Philomena ce, 'yar Goa. Ba ta shiga gaban kyamara sai ta ja carbinta, ana tashi ta lulluɓe kanta ta tafi dafa wa uwarta abinci. Ihunta ya yi suna, har wasu finafinan ake aronsa. Mu uku muke cin abinci a bayan rijiyar nan, wadda ta katako ce, zurfinta bai kai gwiwa ba. Ita ta buɗe kifinta, shi shinkafarsa, ni gurasar gero da albasa, a haɗa a tsakiya. Duhun nan mai ban tsoro da kika gani da rana tsaka aka yi shi, an toshe tagogi, zufa tana wanke mini baƙin tukunya ana sake shafawa.

Ban ce sun kyauta mana ba. Til Bahadur ya fi jarumin fim ɗin iya wasa nesa ba kusa ba, kowa ya sani, amma har ya bar Bombai ba a taɓa barinsa ya kai hutun rabin lokaci da rai ba. Ki rubuta wannan.

Ni ban taɓa ganin fim ɗin ba. Mako biyu kawai ya yi a silima, ni kuma lokacin ina kwance da zazzaɓi. Ki gaya mini abu ɗaya. Wurin rijiya, inda nake zaune da ƙwarya, yana nan? Muryata ce, ko sun ɗora ta wani? Kar ki bari ya lalace, beti. Ki sa shi a jerin naki, ni na roƙe ki.

Naki,
Almas

Pune, 6 ga Agusta

Kaka,

Na gode da takardarka. Na yi dariyar faɗuwar Til Bahadur har abokiyar ɗakina ta leƙo. Ka gaida Kaki, ka ce wa Rozina ta daina ɗaukar tulu. Mura ta kama ni amma na warke.

Wurin rijiya yana nan, a naɗi na bakwai cikin gwangwanaye taran nan, kuma muryarka ce. Sau uku na kalle shi. Haba Kaka, shi ne fa mafi muni a fim ɗin gaba ɗaya! Ka tsuguna kana dukan ƙwarya, kana zare ido, kana wasu surutai marasa kai, wai tsafi kake yi wa gawa. Wannan kake so in tsaya gaban malamaina in ce a adana?

Na san kowa yana son ya ga kansa yana saurayi, kuma ban ga laifinka ba. Amma kai kana Talala, inda kowa ya san ubanka da uban ubanka. Ni a nan kwandastan bas Turanci yake yi mini, yana tambayata daga wace ƙasa na zo. In ce masa daga Gujarat, ya yi dariya. In ce masa kakannina sun ƙetaro teku daga Afirka tun kafin a aza tubalin garinsu, ya ce to yaushe zan koma. Ranar farko da na shiga aji wani yaro ya zare ido ya daki tebur kamar ganga, kowa ya kwashe da dariya. A ina kake jin ya koyo? Ba a gidansu ya taɓa ganin Siddi ba, a silima ya gani. Mutane da yawa a ƙasar nan ba su san muna nan ba sai ta irin wannan rijiya.

Gurbi goma sha biyu ne kawai. Akwai fim ɗin wata mata da ta ba da umarni da kanta tun kafin a haifi Abba, akwai wani da aka yi da yaren masunta. Su zan sa. Naka kuwa, ka yafe mini, gara ya ruɓe a gwangwaninsa. Ba kai ne a ciki ba, abin da suka ƙirƙira ne suka sa masa kunnuwanka.

Kar ka yi fushi da ni. Don ina ƙaunarka nake jin zafin abin.

Mehrun

Pune, 2 ga Oktoba

Kaka,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan ban ga rubutunka ba. Kullum sai na tambayi mai gadin ɗakin kwananmu ko akwai takarda, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Abba ya ce lafiyarka lau, ya gan ka a masallaci ranar Juma'a. Ke nan fushi ne.

Kwamiti ya zauna, an amince da jerina yadda na rubuta shi. Ya kamata in yi murna amma ban yi ba. In na yi maka rashin kunya ka rubuto ka zage ni, na fi son haka. Ko layi biyu ne.

Mehrun

Talala, 20 ga Oktoba

Mehrun dikri, 'yata,

Ni ce Jubeda. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi. Muna lafiya. An cire gyaɗa. Rozina ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura amma tana cin abinci.

Tsohon nan ba fushi yake da ke ba, kunya ce ta kama shi. Takarda huɗu ya fara ya yayyaga. Tun da shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa, in ya so ya yi mini faɗa.

Abin da kika ce surutai marasa kai, waƙar wankan kwana shida ce. Ke ba ki san ta ba don ba a yi miki ba. A da, duk jaririn da aka haifa a unguwarmu, ranar da ya kwana shida ungozoma za ta yi masa wanka a ƙwarya tana rera wata waƙa da tsohon harshen kakanni. Ba mai jin ma'anarta, ko ita mai rerawar. Layi takwas ne. Sauran mata amshi kawai suke yi. Ungozoma ba ta koyar da ita sai ta tsufa ta zaɓi magajiya guda ɗaya. A zamaninmu Ma Sabura ce ungozoma, uwar Almas. Shi ne autanta, a gindinta ya tashi, waƙar ta zauna masa a ka ba tare da an koya masa ba.

Ranar rijiyar nan darakta ya ce masa, "Yi mana magana da yarenku na daji." Almas ba shi da wani yare sai Gujarati irin na kowa. Mutane hamsin sun zuba masa ido, fitilu suna ƙona shi, in ya ce bai iya ba a kawo wani. Ga ƙwarya da ruwa a gabansa. Sai waƙar ta fito.

Bayan shekara wani direban babbar mota ɗan unguwarmu ya ga fim ɗin a Rajkot. Ya dawo ya ce wa Ma Sabura, "Ma, na ji waƙarki a silima, mutane suna ihu suna fito." Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi waƙar da aka yi wa fito ba za ta sake sauka a kan jariri ba. Har ta rasu ba ta sake rerawa ba, ba ta zaɓi magajiya ba. Da Almas ya dawo gida shekara guda ba ta ci abinci kusa da shi ba. Tun daga nan shiru ake wanke yaranmu, har ke, har Yakut.

Watan Yuni Rozina ta ji labarin waƙar a bakin tsofaffi. Kin san ta, ba ta da nauyin baki. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Kaka, ɗana ba zai yi wankan kurame ba, ka koya mini." Ya ji daɗi ƙwarai. Da ta tafi ya shiga ɗaki ya gwada. Layi biyu ya samu. Ciwon shanyewar jikin nan da ya taɓa masa gefe shekara uku da suka wuce ya tafi da sauran, shi bai ma sani ba sai ranar. Bai gaya wa Rozina ba, kullum ce mata yake yi sai gobe. Ana cikin haka takardarki ta farko ta zo. Wallahi ranar har rawa ya yi mini a tsakar gida da gurguwar gwiwarsa.

Ba fuskarsa yake nema ba, dikri. In akwai abin da za ki iya, ki yi. In babu, ki rubuto masa ki yi masa hirar wani abu daban.

Kakinki,
Jubeda

Pune, 12 ga Nuwamba

Kaka, Kaki,

Ina gaishe ku, ina neman gafararku. Na karanta takardar Kaki a tsaye a bakin ƙofa, na zauna a matakala na yi kuka har na ba wa mutane tausayi. Shekara biyu ina karanta yadda ba a saurarenmu, ga shi ni ma sau uku ina kallon bakinka ban saurara ba.

Washegari na je wurin shugaban kwamiti. Ya ce jerin ya riga ya tafi, sai baɗi. Ya ɗauko rahotona ya karanta mini da bakinsa inda na rubuta cewa fim ɗin ba shi da wata daraja. Ban san inda zan sa kaina ba.

Daga nan na gangara wurin Gaikwad sahib, tsohon da ke kula da injinanmu. Ya buɗe naɗi na bakwai, ya shinshina, ya ja tsaki. Ya fara danƙo, Kaka. Kuma kallon da na yi masa sau uku ya ƙara kashe shi. Ya nuna mini wani siririn layi a gefen fim ɗin, ya ce nan murya take. Ya ce, "Hanya biyu ce, baby. Ki rufe shi ki jira baɗi, in ya kai, a Bombai su ceto hoto da murya tare. In bai kai ba, kin rasa duka. Ko kuma in bi da shi ta injin sauti yau, in ɗauke miki muryar a kaset. Amma sau ɗaya zai wuce, hoton zai saluɓe a kan ƙarafa." Na ce yana ganin zai kai baɗi? Ya ce shi ba boka ba ne, amma da 'yarsa ce ba zai ce ta jira ba.

Na so in tambaye ka. Takarda mako guda take yi a hanya, mako guda ta dawo, Disamba kuma ga ta nan. Na sa hannu a takardar da ta ce naɗin ya mutu, na ce ya kunna.

Akwai ɗan gilashi a jikin injin da ake leƙa fim yana wucewa. Na manna idona ban ɗaga ba har ƙarshe. Kana wucewa ta gabana, kana shiga ƙarafa, kana fitowa ta ɗaya gefen fari fat. A Agusta na ce gara ya ruɓe. Da na ga yana tafiya, ji na yi kamar in sa hannu in tsayar da injin. Ni na hana ka ganin kanka, kuma ba wanda zai sake gani.

Ga kaset nan na naɗe a cikin safa. Sun cika shi da goge da tsawa, amma kana ƙarƙashi, ana jin ka sarai. Abu ɗaya ne. Dab da ƙarshe, inda aka tsinci gawa, Philomena ta ƙwalla ihu, ya rufe ka ruf. Gaikwad sahib ya yi iya yinsa, ya ce a wurin ihun ne kawai, ba komai a bayansa. Ban san ko layi nawa ya ci ba.

Jikarku mai kunnen ƙashi,
Mehrun

Talala, 27 ga Disamba

Beti,

Salamu alaiki. Albishirinki. Rozina ta sauka ranar sha tara, mace, lafiya lau, an sa mata Gulshan. Hancin Yakut ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Jubeda na gaishe ki. Na yi mata faɗan tona mini asiri, ta ce in je in kai ƙara.

Kaset ya zo. Safar ma na gode, ina sawa. Mun aro rikodar Karsan, na kori kowa na rufe ƙofa bayan azahar. Da na ji yaron nan, wato ni a samartakata, ya fara, sai na ga bakina yana bin sa. Layi na uku, na huɗu, duk suka dawo suna layi kamar awaki da yamma. Har na bakwai. Sai Philomena ta yi abin da ta fi iyawa. Na mayar baya ya fi sau ashirin, na kasa kunne, na roƙi Allah. Na takwas bai zo ba. Allah sarki Philomena, da ta san abin da take rufewa da ta jira ni, mutuniyar kirki ce.

Na kira Rozina na gaya mata gaskiya duka, har da ƙaryar sai gobe. Ta ce bakwai ya fi babu, in fara. Na ce al'ada mutum ɗaya ake koya wa. Ta ce, "Kaka, mutum ɗayan ne ya kai mu nan." Ta tara mata, da ita suka zama tara. Wata guda suna zuwa tsakar gidanmu bayan la'asar, ni ina dukan ƙwarya.

Shekaranjiya aka yi wankan. Maza ba sa shiga, amma sun ajiye mini kujera a bakin ƙofa ta waje. Na ji an zuba ruwa, na ji sun ɗauka. Beti, shekara ashirin da bakwai rabon unguwar nan da wannan sauti. Tsofaffin da suka san amshi suka shigo da shi daidai wurinsa, ba wanda ya tuna musu. Da aka gama na bakwai sai aka yi tsit, ba mu shirya abin da za a yi a nan ba. Sai na ji Rozina ta ci gaba da karin, baki a rufe, ba kalma, sauran suka bi ta har ya sauka. Haka za a riƙa yi ke nan. Na ce duk yaron da ya tambayi dalili a gaya masa Almas ne ya kai layin Bombai ya baro shi can. Na yi kuka a kujerar nan, ban damu da masu wucewa ba.

Takardar karatunki kar ki sassauta ko kalma ɗaya, gaskiya kika faɗa. Ki dai sa sunayenmu cikakku: Til Bahadur Rai, Philomena Rebello, Almas Majgul.

Zaɓin da kika yi, da ni ne ma shi zan yi, kar ki ƙara neman gafara. Sai dai ina da tambaya, kar ki yi mini dariya. Ba ni da hoto ko ɗaya na samartaka. Na tambayi Jubeda, ta ce ita tun da ta san ni haka nake. Ke ce ta ƙarshe da ta ga yaron nan. Yaya yake?

Naki,
Almas

Pune, 6 ga Janairu, 1995

Kaka,

Barka da arziki, Allah ya raya Gulshan. Ka ce wa Rozina ta ajiye mini wuri, ina zuwa hutun Maris in zama ta goma.

Ka tambaye ni, zan gaya maka abin da na gani ta gilashin nan, ba ƙari.

Dogo ne, siriri, wuyansa kamar ba zai ɗauki ƙasusuwan da aka rataya masa ba. Yana da 'yar wushirya. Zufa ta wanke masa baƙin tukunya a goshi, fatarsa ta gaske ta fito, ta fi fentin kyau. A layin farko da na biyu yana zare ido yadda aka ce ya yi. Daga na uku ya manta. Idanunsa suka sauka kan ƙwaryar, kafaɗunsa suka saki, hannunsa na hagu ya daina duka, ya shiga ƙarƙashin ruwan ya buɗe, kamar mai tallafe kan jariri. Haka ya zauna har ƙarshe. Ko da aka yi ihun bai ɗago ba, bakinsa yana motsi, ya rera na takwas ɗin har ya gama.

Kyakkyawa ne, Kaka. Ka gaya wa Kaki ni na ce.

Jikarka,
Mehrun